Me ya sa suga ke harbawa sama bayan karin kumallo, alhali an yi allura?

Ga tambayar da masu ciwon suga nau'i na ɗaya da iyayen yaran da ke da shi suke ta maimaitawa: mutum ya tashi da safe ya auna, mita ta nuna 110, lafiya lau. Ya yi allurarsa ta insulin, sinadarin da ke sauke suga a jini, yadda aka koya masa, ya karya, bayan awa ɗaya da rabi ya sake aunawa sai ya ga 260. Toh daga ina? Abin da ya fi ɗaure kai ma shi ne, wannan abincin dai in da rana ya ci shi da wannan adadin allurar, da ƙyar zai wuce 180.

Amsa biyu ake yawan jefa wa mutum. Ko a ce ka ci wani abu a ɓoye (yara su suka fi shan wannan zargin), ko a ce allurar ce ta yi kaɗan, ka ƙara yunit biyu ko uku (yunit shi ne ma'aunin insulin). Ni a ganina duka biyun sau da yawa kuskure ne, kuma ta biyun ta fi haɗari, domin wanda ya ƙara allura da ka ba tare da ya gano dalilin ba, shi ne zaka gani wajen ƙarfe goma sha ɗaya yana karkarwa yana zufa, suga ya faɗo ƙasa warwas. An yi gudun gara an faɗa gidan zago kenan.

Tukuna, nawa ne ake cewa ya hau?

Mu fara raba zare da abawa, saboda har yanzu ana cakuɗa nau'i na ɗaya da na biyu. Nau'i na ɗaya ba shan zaƙi ne ke kawo shi ba, ba kuma ƙiba ba. Garkuwar jiki ce take rikicewa ta afka wa ƙwayoyin da ke samar da insulin a cikin wata gaɓa da ake kira fankiriyas, wadda ke kwance bayan tumbi, ta kashe su. Daga nan jiki ya daina yin insulin nasa, dole sai an zuba masa daga waje kullum, babu ƙwaya ko jiƙo da zai maye gurbinsa.

Mitoci kala biyu ne. Wata tana ba ka lamba a miligiram, irin su 110 da 260, wata kuma a milimol, irin su 6.1 da 14.4. In ka raba ta farko da 18 zaka samu ta biyu, shikenan. Zan riƙa amfani da ta farko.

Ƙungiyar ciwon suga ta Amurka ta ce ga yawancin manya, kafin cin abinci a samu 80 zuwa 130, sannan awa ɗaya zuwa biyu da fara cin abinci kada ya wuce 180, wato milimol 10. Hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ɗan fi matsewa, ta ce milimol 5 zuwa 9, wato 90 zuwa 162, bayan aƙalla minti 90 da cin abinci. Masu juna biyu nasu ma'aunin ya fi wannan tsauri, ƙasa da 140 bayan awa ɗaya. A 2019 kuma masana daga ƙasashe daban-daban suka amince da wani ma'auni na masu sanya sensa a jiki, wato 'yar na'urar da ake maƙalawa a fata tana auna suga dare da rana: sama da kashi 70 cikin 100 na yini mutum ya kasance tsakanin 70 da 180, wato kusan awa 17 cikin 24, sannan zaman da zai yi ƙasa da 70 kada ya kai awa ɗaya.

Ka lura, ba wanda ya ce kashi 100. Wanda ya leƙa 190 na minti ashirin ya dawo, wannan ba abin tada hankali ba ne. Wanda muke magana a kansa shi ne mai kaiwa 250 ko 300 kusan kowace safiya ya zauna can awa biyu awa uku, ga ƙishirwa, ga yawan fitsari, ga kasala, yaro yana aji amma kansa ya yi nauyi ba abin da ke shiga. Kuma abin yana taruwa. Babban binciken DCCT da aka yi a Amurka da Kanada a kan mutum 1,441, wanda aka fitar da sakamakonsa a 1993, ya nuna riƙe suga kusa da daidai ya rage haɗarin kamuwa da lalacewar ido da kashi 76 cikin 100. Amma binciken nan dai ya nuna masu matse sugan sun fi faɗawa mummunar faɗuwar suga har kusan ninki uku. Wannan shi ne igiyar da mai nau'i na ɗaya yake tafiya a kai.

Jikinka ya riga ka tashi

Tun wajen ƙarfe uku na dare zuwa takwas na safe jiki yake shirin farkawa. Yana sakin wasu sinadarai, akwai sinadarin girma, akwai kotisol, akwai adirenalin da gulukagon, dukkansu abu biyu suke yi: su ce wa hanta ta saki sugan da ta ajiye, su kuma sa jiki ya rage jin maganar insulin. Kowa haka jikinsa yake yi, bambancin kawai mai lafiyayyar fankiriyas nan take take ƙara insulin ba tare da ya ma sani ba. Kai kuwa abin da ka zuba jiya da dare shi kenan gare ka. Likitoci suna kiran wannan hawan asuba, tun 1981 aka sa masa suna a rubuce-rubucen likitanci. Ya fi tsanani a wajen matasa masu tasowa saboda su sinadarin girman nan yana zuba sosai da dare, shi ya sa uwa za ta ce yaron nan da yana shekara tara komai na tafiya daidai, yana shiga sha uku lissafi ya wargaje.

Akwai kuma ƙaninsa. Wasu suna kwance sugansu shiru, suna sauke ƙafa daga gado suka fara zirga-zirga sai ya fara hawa, ko ruwa ba su sha ba. Kotisol yana kai ƙololuwa ne minti 30 zuwa 45 bayan farkawa, ka haɗa da saurin shirin makaranta ko wurin aiki. Ma'ana lambar da ka gani da ka buɗe ido ba lallai ita ce lambar da ka fara cin abinci a kanta ba.

Zaka kuma ji ana maganar Somogyi, sunan wani masani ne ɗan asalin Hangari da ya yi aiki a Amurka, wanda tun shekarun 1930 ya ce in suga ya faɗi cikin dare jiki yana ramawa ya tura shi sama da safe. An daɗe ana koyar da haka, amma da sensa ta zo aka riƙa ganin layin dare gaba ɗaya, sai aka ga abin bai cika faruwa yadda ake zato ba. Galibi wanda ya faɗi da dare ya wayi gari a sama, abin da ya sha don ya tashi sugan ne ya yi yawa. Duk da haka awon ƙarfe uku na dare yana da amfani kafin a taɓa allurar dare mai dogon zango.

Tseren da allura ke shan kaye

Nan ne gizo ke saƙa, kuma nan na fi so mu daɗe.

Mai lafiyayyar fankiriyas, yana fara cin abinci insulin ya fita cikin 'yan mintuna, kuma ba cikin fata yake fita ba, kai tsaye yake bin wata babbar jijiya zuwa hanta ya ce mata ke dakata, abinci ya iso, daina zuba naki. Allurar da kake yi kuwa ƙarƙashin fata take zama, sai ta narke a hankali ta shiga jini ta zaga jiki kafin hanta ta ji labari. A wannan tsakanin hanta tana zuba nata, hanji yana zuba nasa.

Bayan haka akwai wani sinadari mai suna amilin da mutane da yawa ba su taɓa jin sunansa ba. Ƙwayoyin da ke yin insulin su ne ke yin sa, tare suke fita. Aikinsa ya rage saurin da tumbi ke tura abinci cikin hanji, ya kuma danne gulukagon bayan cin abinci. Da ƙwayoyin suka mutu shi ma ya tafi, kaga birki ya tsinke kenan. Ga shi da safe ciki wayam yake bayan awanni ba a ci komai ba, abin da ka sha mai ruwa-ruwa zarcewa kawai yake.

Yanzu duba agogo. Burodi fari ko abin sha mai zaƙi cikin minti 10 zuwa 15 sun fara bayyana a jini, su kai ƙarshen hawansu wajen awa ɗaya ko ɗaya da rabi. Insulin ɗin da ake kira mai sauri, irin su Humalog da ya fito a 1996, da NovoRapid da Apidra, sai wajen minti 15 yake fara motsi, cikakken ƙarfinsa sai awa ɗaya zuwa biyu, kuma yana nan a jiki har awa uku zuwa biyar. Tsohon samfuri irin Actrapid ko Humulin R ya fi haka nawa: minti 30 kafin ya fara, ƙarfinsa sai awa biyu zuwa huɗu, ya kai awa shida zuwa takwas bai gama ba. Toh in ka yi allura da loma ta farko, ko ma bayan ka gama ci kamar yadda da yawa suke yi, abinci ya riga ya yi ɓarnarsa kafin insulin ya iso. Ihu bayan hari. Mafi muni, lokacin da ya iso da ƙarfinsa abincin ya ƙare, sai ya kama abin da ya tarar ya ja ƙasa.

Shi ya sa gyara na farko da likitocin suga ke fara dubawa ba ƙarin yunit ba ne, tazara ce. A yi allura mai sauri minti 15 zuwa 20 kafin a fara ci, tsohon samfuri kuwa minti 30 ko ɗan fiye. Yunit ɗin nan dai da ka saba, abincin nan dai, amma dutsen da ke fitowa a layin sensa sai ya koma tudu. Akwai sababbi da suka ɗan fi sauri, Fiasp da Lyumjev, waɗanda aka yarda a yi su daidai lokacin fara ci, sai dai ko su ba su kamo fankiriyas ba, bambancin 'yan mintuna ne.

Amma fa tazarar nan tana da sharuɗɗa, kar wani ya karanta rabi ya tafi. In ka tashi ƙasa da 70, babu maganar jira, fara gyara faɗuwar tukuna. In kana kusa da ƙasa, kamar 75 ko 80, ko kibiyar sensa tana kallon ƙasa, yi allura ka ci nan take. Kada ka yi allura abinci bai sauka daga wuta ba, kada ka yi ka shiga wanka ko ka hau hanya da niyyar zaka ci in ka isa, domin insulin ba ya jiran kowa, in ya shiga ya shiga. Wanda ciwon ya taɓa masa jijiyoyin tumbi har abinci ke daɗewa bai sauka ba, shi lissafinsa daban ne, tazara za ta iya kayar da shi. Sai kuma ƙaramin yaro da yau zai cinye, gobe ya ture kwano bayan loma biyu. Irin wannan wasu likitoci kan ce a raba, a ba da wani kaso kafin ci, ragowar in an ga abin da ya shiga ciki. Wannan tsari ne da za a zauna da likitan yaron a tsara, ba a ɗauka daga bakin wata uwa ba.

Lissafin safe ba shi ne na dare ba

Masu ƙirga sitaci suna da lamba: yunit ɗaya na insulin yana ɗaukar giram kaza na kabohaidiret, wato sitaci da suga a haɗe. Wurin farawa da aka saba shi ne a raba 500 da jimillar insulin da mutum ke yi a yini. A ce jimillarka yunit 40 ce, 500 raba 40 ya ba ka kusan 12, wato yunit ɗaya ga giram 12. Haka in ka raba 1800 da 40 ka samu 45, ma'ana yunit ɗaya zai sauke sugan da kusan 45.

Kuskuren shi ne a riƙe lamba ɗaya safe, rana da dare. Saboda taurin kan da jiki ke yi wa insulin da safe, mutane da yawa lambar safiyarsu ta fi ƙarfi. Mai yunit ɗaya ga giram 12 da rana zai iya zama yunit ɗaya ga giram 10 ko 8 da safe. Abinci mai giram 60 kenan da rana yunit 5 ne, da safe ya koma 6 ko 7 da rabi. Waɗannan lambobin misali ne kawai na kawo don a ga yadda abin ke tafiya, naka yana wurin likitanka da takardar awonka.

Masu amfani da gaurayayyen insulin irin Mixtard 30, wanda kashi 30 gajere ne kashi 70 mai dogon zango, su hannunsu a ɗaure yake kaɗan. In ka ƙara don ka danne hawan safe, ka ƙara har da kason da zai yi aiki da rana tsaka, sai faɗuwa ta same ka kafin abincin rana ko bayansa. Su abin da ya fi yi musu aiki shi ne kiyaye tazarar minti 30 ɗin nan, da raba abincin safe biyu, rabi yanzu rabi da hantsi. Kuma su kam ba a tsallake karin kumallo bayan an yi allura, ko da wasa.

Yadda zaka gane wanne ne naka

Kafin a canza komai, a samu kwana uku ana cin abu iri ɗaya, adadi ɗaya, lokaci ɗaya, ana rubutawa. Ka auna da ka farka, ka auna daf da fara ci, sai bayan awa ɗaya, awa biyu, da awa huɗu. Mai sensa irin FreeStyle Libre ko Dexcom shi hoton yana hannunsa, sai dai ya tuna sensa ruwan ƙarƙashin fata take aunawa ba jini ba, tana iya zama a baya da minti 5 zuwa 15 musamman lokacin da suga ke gudu.

Lambar awa huɗu ita ce alƙali. In suga ya hau sosai a awa ɗaya ko biyu amma a awa huɗu ya dawo inda ya fara, adadin allurar daidai yake, matsalar lokaci ce ko irin abincin, ƙara yunit a nan neman fitina ne. In ya hau ya ƙi saukowa har awa huɗu, toh nan ne ake zargin adadin ya yi kaɗan. In ya hau sannan ya faɗo ƙasa da 70 kafin abincin rana, allurar ta makara kuma wataƙila ta yi yawa, duka biyun. In kuwa a awa biyu lafiya lau, sai can awa huɗu ko biyar ya ɗaga, duba maiƙo da furotin da ke cikin abincin, su ne ke jinkirta narkewa su zo daga baya.

In kuma tun kafin ka sa komai a baki yana hawa, karin kumallo ba shi da laifi, a koma kan insulin na shimfiɗa, wato mai dogon zango irin Lantus, Levemir ko Tresiba. Yadda ake gwada shi, da sanin likita, mutum ya yi mai dogon zangonsa kamar kullum, ya jinkirta karyawa, ruwa kawai, ba allurar abinci, yana aunawa duk awa. In ya hau da fiye da 30 shi kaɗai, shimfiɗar ba ta riƙe safiya ba. In ya sauka ƙasa da 70 a tsaya nan take a ci abinci, an ma samu amsa. Wani lokacin ba adadin za a taɓa ba, lokacin yin ta za a matsar, misali wanda ke yin Lantus da safe zai iya zama ƙarfinta yana ƙarewa daidai lokacin da asuba ke turo nata. Masu famfon insulin, wato 'yar na'urar da ke zuba insulin kaɗan-kaɗan ta siririn bututu a ƙarƙashin fata, su sun huta ta nan, ana iya saita shi ya ƙara zuba daga ƙarfe uku ko huɗu na dare, sababbin ma da ke haɗe da sensa da kansu suke ƙarawa su rage. Amma ko su sai ka gaya musu zaka ci abinci, kuma kafin ka ci.

Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda. Wanda ya ƙara tazara, ya ƙara yunit, ya canza abinci duk rana ɗaya, in abin ya gyaru bai san me ya gyara ba, in ya faɗi bai san me ya kayar da shi ba.

Rigimar faranti

A nan mutane sun rabu gida biyu kuma kowa yana da hujja. Ɓangare ɗaya suna cewa tunda da safe ne jiki ya fi taurin kai, a rage sitaci sosai ko a cire shi. Fitaccen mai wannan ra'ayi shi ne marigayi Dakta Richard Bernstein na Amurka, wanda shi kansa ya kamu da nau'i na ɗaya yana ɗan shekara 12, tsarinsa giram 6 kacal na kabohaidiret da safe, 30 a yini gaba ɗaya. Hujjarsa mai sauƙi ce: ƙaramin abinci, ƙaramar allura, ƙaramin kuskure. Ɗaya ɓangaren, irin shirin koyarwa na DAFNE a Birtaniya, suna cewa ci abincinka kamar kowa, ka koyi daidaita allura da shi.

Ni dai ina tsakiya amma na fi karkata ga na biyu, musamman ga yara. Yaro mai girma yana buƙatar abincinsa, likitocin yara ba sa goyon bayan a matse shi haka, kuma yaron da aka mai da teburin cin abinci ya zame masa kotu, ƙarshenta ɓoye-ɓoye zai koya. Babba da ya zaɓi rage sitaci da safe kuma ya ga yana masa aiki, ba laifi, amma dole a rage allurar daidai da haka.

Abin da ɓangarorin biyu ba sa musu a kai shi ne ba duk sitaci ne ke gudu iri ɗaya ba. A 1981 David Jenkins da abokan aikinsa a Jami'ar Toronto suka fito da ma'aunin saurin da abinci ke tada suga, inda gulukos zalla yake 100. Farin burodi yana wajen 75, hatsin kwali irin konfleks wajen 80, hatsin ot da ba a niƙe shi ba wajen 55, amma wanda aka sarrafa don a zuba ruwan zafi kawai a sha ya haura kusan 80. Kaga abu ɗaya ne, niƙa da sarrafawa suka mai da shi wani abu daban. Duk abin da aka tace, aka cire dusarsa, aka dama ya yi laushi, ya fi saurin shiga jini. Ruwan 'ya'yan itace kuwa, ko ba a sa masa suga ba, maganin faɗuwar suga ne, ba abokin karin kumallo ba, gara ka ci ɗan itacen da kansa.

Sai dabarar jeri: fara da ƙwai ko wani furotin da ganye, sitaci ya zo daga ƙarshe. Wannan kaɗai yana ba insulin 'yan mintunan da yake nema. Kofi ma wasu yana ɗaga musu suga ko ba madara ba suga, gwaji ne zai nuna maka ko kana cikinsu.

Ƙananan abubuwan da ake rainawa

Shafa wurin da ka saba yin allura. In ka ji wani tudu mai tauri kamar roba a ƙarƙashin fata, kitse ne ya taru saboda yawan sukar wuri ɗaya, kuma mutane suna son wurin saboda ba ya zafi. Insulin da aka zuba a nan yadda ya ga dama yake fita, yau da wuri gobe a makare. A bar wurin ya huta, a riƙa zagayawa, amma a sa ido sosai a kwanakin farko domin a sabuwar fata adadin da ka saba zai iya yin ƙarfi fiye da da. Fatar ciki ta fi cinya da ɗuwawu saurin tsotsewa, don haka ita ta fi dacewa da allurar safe. Mai amfani da allurar insulin mai kama da biro ya fitar da yunit 2 a iska kafin ya soka, ya kuma ƙirga goma kafin ya zare.

Insulin ɗin kansa yana gajiya. Wanda ba a buɗe ba yana zama a firji tsakanin digiri 2 zuwa 8, wanda aka fara amfani da shi yawanci kwana 28 ne, zafin rana yana kashe shi, ƙanƙara ma haka. A wanke hannu kafin a soki yatsa, ɗan zaƙin ayaba da ya rage a yatsa ya isa ya ba ka lambar ƙarya. Tafiyar ƙafa ta minti 10 zuwa 15 bayan an karya tana aiki fiye da yadda ake zato, domin tsoka in tana motsi tana jan suga. Sannan akwai ranakun da ba laifin kowa: rashin barci, zazzaɓi, damuwa, magungunan sitiroyid, da kwanakin da ke gaban al'ada ga mata da yawa.

Allura kan allura, da lokacin da abin ya wuce na gida

Ƙarfe tara ka ga 270, ranka ya ɓaci, ka ƙara yunit uku. Tara da rabi ka ga bai motsa ba ka sake ƙarawa. Alhali ta ƙarfe bakwai da rabi ba ta ma gama rabin aikinta ba. Duk za su haɗu su sauko maka lokaci guda, garin gyaran gira a rasa ido. Ƙa'idar da aka saba ita ce kada a yi allurar gyara kafin awa uku zuwa huɗu da ta baya, sai dai in famfo ko manhajar lissafi ta cire abin da ya rage yana aiki a jiki, ko likita ya tsara maka wani abu daban. In faɗuwar ta zo, ƙasa da 70, a sha giram 15 na suga mai saurin shiga, kamar rabin kofin ruwan 'ya'yan itace ko cokali uku zuwa huɗu na shayi na suga a ruwa, a jira minti 15 a sake aunawa. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe, a yi masa allurar gulukagon mai tada suga in akwai, a nemi asibiti.

Hawan da ya ƙi sauka kuma wani abu ne daban. In suga ya wuce 250 ya tsaya, musamman in ba ka jin daɗi, a auna kiton a fitsari ko a jini. Kiton yana fitowa ne in jiki ya rasa insulin ya koma ƙona kitse, in ya taru sai jini ya yi tsami. A mitar jini, ƙasa da 0.6 lafiya, daga 0.6 zuwa 1.5 a sha ruwa sosai a bi tsarin da likita ya bayar a sake aunawa, sama da 1.5 a kira likita, 3 ko fiye asibiti kai tsaye. Amai, ciwon ciki, numfashi mai zurfi da sauri, warin baki kamar ruɓaɓɓen ɗan itace, ko mutum ya fara rikicewa, waɗannan ba a jiran wata mita. Kuma in akwai kiton ba a motsa jiki da sunan a sauke suga, ƙara dagulawa yake.

Masu famfo su fi kowa kula da wannan, domin su babu insulin mai dogon zango a jikinsu. In siririn bututun ya lanƙwashe ko ya zame cikin dare, awanni kaɗan kiton ya fara taruwa, kuma hawan bayan karin kumallo na iya zama alamar farko. In ka ba da gyara ta famfo bayan awa biyu lambar ba ta sauko ba, kada ka sake bi ta famfon, ɗauko biro ko sirinji ka yi allurar da hannu, ka cire tsohon bututun ka sa sabo a wani wurin.